Nokta Simplex+ da lambobinsa masu tsalle-tsalle

Jama'a duk wanda ya sayi injin gano ƙarfe na farko ƙorafinsa ɗaya ne, wai injin ba ya tsayawa kan magana ɗaya, ka wuce da farantin da ke ƙasan injin ta kan wuri ya nuna lamba 78, ka dawo ya nuna 12, ka sake wucewa ya yi shiru kamar ba shi ba. Simplex+ ma yana yin haka, kuma ni a ganina ba aibi ba ne, labari yake ba ka, sai dai in ba ka iya saurare ba.

Shi dai injin kamfanin Nokta na ƙasar Turkiyya ne ya fito da shi a 2019, don masu neman tsofaffin kuɗi da zobba da makamantansu. Nauyinsa wajen kilo 1.3, batirinsa a ciki yake ana cajinsa da waya irin ta USB, har da fawa banki ma yana yi, ruwa ba ya shigarsa har zurfin mita 3, farantin inci 11 ne. Yana da 'yar tocila, kuma hannunsa yana iya girgiza in ya ji ƙarfe. Lambobin da yake nunawa daga 0 zuwa 99 ne, daga 0 zuwa 15 na baƙin ƙarfe ne irin su ƙusa da waya, sama da nan kuma sanholo, tagulla, azurfa, zinare. A kuɗinsa gaskiya ya yi, ba zan faɗi farashi ba tunda dala ba ta zama wuri ɗaya.

To abin da mutane ba sa ganewa shi ne injin ba ganin cikin ƙasa yake ba, kintace yake. Farantin yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke ciki ya mayar da martani, daga irin martanin ne yake lissafa lamba. In kwabo yana kwance shi kaɗai a ƙasa mai laushi, bai wuce zurfin taƙi ba, lambar za ta tsaya cak ko ta motsa da ɗaya ko biyu, sautin kuma gajere mai tsabta ta kowane ɓangare. Amma sau nawa ake samun haka? Mafi yawan lokaci kwabon a tsaye yake ta gefensa, ko kusa da ƙusa, ko ya yi nisa har martanin ya raunana, shi ke nan sai lamba ta fara rawa.

Abu na farko da nake yi in lamba ta ƙi tsayawa shi ne in juya jikina in sake bi ta kai a gicciye, wato in da gabas-yamma nake lilo sai in koma kudu-arewa, a hankali, farantin daf da ƙasa ba ana ɗaga shi a ƙarshen lilo ba. Abu mai kyau yakan amsa ta duka ɓangarorin ko da lambar ta ɗan sauya. Ƙusa mai tsatsa ko lanƙwasasshiyar waya kuwa ta ɓangare ɗaya za ta yi maka sauti mai daɗi har 90 da wani abu, kana juyawa sai ka ji gurnani a ƙasa-ƙasa. Wannan gurnanin shi ya sa ba na kashe sautin baƙin ƙarfe gaba ɗaya, Simplex+ ya ba da damar rage shi ba sai an kashe ba, kuma wallahi wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a injin, don wanda ya kashe shi rabin zancen kawai yake ji.

Sai murfin kwalbar lemo, babban abokin gaba. Zagayayye ne kamar kuɗi amma baƙin ƙarfe ne, saboda haka a tsakiyar faranti sai ya yi sauti mai kyau, in ka ja farantin baya kana lilo har gefensa ya zo kan wurin sai asiri ya tonu ka ji gurnani. Kuɗin gaske har gefen faranti sautinsa ba ya ɓaci, raguwa kawai yake.

Amma fa a nan Najeriya akwai wani tarko, don kuɗin ƙarfen da aka fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, da baƙin ƙarfe aka yi su aka lulluɓe, ka sa maganaɗisu ka gani zai kama su, shi ya sa lambarsu ke tsalle kamar ta murfin lemo. Na 1973 kuwa, kwabo ɗaya na tagulla da kwabo goma fari, da tsohon kwabon zamanin Turawa mai huda a tsakiya, waɗannan sun fi tsayawa kan lamba. Duk wanda ya sayi injin nan ya nemi irin waɗannan kuɗin a tsohon gwangwanin kaka, ya binne su a tsakar gida a zurfi daban-daban, wani a kwance wani a tsaye wani kusa da ƙusa, ya yi ta bi ta kansu har kunnensa ya haddace, ya fi kallon bidiyon Turawa da ake ɗauka a ƙasar da ba irin tamu ba.

Ƙasar kanta ma tana magana. Jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, in ba ka daidaita injin da ƙasar wurin ba zai yi ta ƙara babu komai. Daidaitawar ba wuya, ka sami wuri babu ƙarfe ka yi ta ɗaga farantin kana saukewa har ya kama, kuma in ka tashi daga yashi ka shiga jar ƙasa sai ka sake. Wani ɗan dutsen marmara ma shi kaɗai sai ya yi sauti, alamarsa sautin yana da faɗi kuma ba ka iya kama tsakiyarsa, ka ture shi da ƙafa sautin ya bi shi. Sannan mutane na son ƙure ƙarfin jin injin wai don ya yi zurfi, a irin wannan ƙasar hayaniya kawai kake ƙarawa, rage mataki ɗaya ko biyu sai ka ga lamba ta nutsu.

In kuma ka ɗaga farantin sama a iska yana ta surutu shi kaɗai, to ba ƙasa ba ce, duba sama ko akwai wayar wuta ko taransifoma, ko wayarka ta aljihu. Akwai wurin ɗan sauya mitar injin, kamar ta rediyo, don wannan, yakan taimaka. Filin da ke kusa da layin wuta kuwa ranar da aka ɗauke wuta ita ce ranar zuwansa, wannan ni'imar dai ba ma rasa ta.

Inda ba zan ba da shawarar sa ba shi ne masu mafarkin zinare. Tun da aka yi rububin zinare na Djado a Nijar a 2014 mutane da yawa suke ɗauka kowane inji mai faranti na zinare ne. Simplex+ mita ɗaya gare shi, kilohaz 12, zai ji zobe da ɗan kunne, amma ƙananan tsakuwoyin zinare a ƙasa mai sinadari aikin injina irin su Gold Monster 1000 ne mai kilohaz 45, ko GPX, na kamfanin Minelab, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Zoben zinaren ma lambarsa a tsakiyar lambobin shara take faɗowa, tare da takardar sigari mai sheƙi da hancin buɗe gwangwanin lemo, in kana son zobe sai ka haƙura ka tono shara da yawa.

Lasifikarsa tana da ƙara sosai, amma ƙananan bambancin sauti da nake ta faɗa sai da abin sawa a kunne ake jinsu da kyau, musamman lokacin iskar hunturu, kuma ko ba komai yaran unguwa ba za su taru a kanka ba duk sanda ya yi ƙara. In za ka saya ka tambayi mai shago ko akwatin da ke haɗe da abin kunnen marar waya ne, don iri biyu aka fito da shi.