Daga Manchesta: Kada a Sayar da Kantar Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da Anti da yara duka. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ruwan da ba ya ɗaukewa.

Saƙonka ya same ni, inda ka ce gara ta ci ƙafar kantar littattafan Baba, Allah ya jiƙansa, kuma kana shawarar a ba dillali ita, a cika kuɗi a sayo irin ta zamani mai ƙyalli da ake shigowa da ita daga waje. Ka tambaye ni ko ta nan ta fi tamu. Don Allah ka dakata tukuna, ka ji abin da idona ya gane mini.

Gidan da muka kama haya a unguwar Cheetham Hill ba komai a cikinsa sai kafet da murhun girki. Littattafan da na zo da su sun yi wata huɗu a kwali, kuma kullum na wuce na ga tafsiri da hadisi a ƙasa sai raina ya sosu, don ba haka aka rene mu ba. Sai na yi abin da kowane ɗan Kano zai yi, na nemi kafinta. Wanda na samu ya ce fam 40 a awa ɗaya, ban da kuɗin katako, kuma ba zai samu zuwa ba sai bayan mako uku. Na ajiye waya ina tuna yadda muke zuwa Na'ibawa 'Yan Katako mu zaɓi falanki da hannunmu, kafinta ya biyo mu gida da tef ɗinsa ya auna bango, a yi ciniki, a sha ruwa, bayan kwana bakwai ya kawo aiki a kura. A nan kaya ba su da tsada in ka kwatanta da abin da mutum yake samu. Hannun ɗan Adam ne ba ya taɓuwa. Shi ya sa za ka ga likita ko malamin jami'a ranar Asabar da burushi a hannu yana fentin ƙofarsa, ba mai ganin baƙonsa.

Mutane da yawa IKEA suke zuwa, wani kamfanin ƙasar Siwidin da ke da katafaren shago a Ashton, kusa da mu. Suna da wata kanta mai suna Billy da suke yi tun 1979, tsawonta santimita 202, faɗi 80, zurfi 28. A kwance za a ba ka ita cikin kwali, da ƙullin notina da takarda mai zane zalla, ka je gida ka haɗa da kanka. Gaskiya a nan sai a yaba musu. Kowace huda tana daidai inda aka ce, farashi a rubuce yake ba ciniki, har nauyin da kowane hawa zai ɗauka sun faɗa maka, kilo 30. Da kafintocinmu za su riƙe awo da alkawari haka, da ba mai kama ƙafarsu. Sai dai ka sani, kusan duk kayan ɗaki masu araha a ƙasar nan ba katako ba ne irin wanda muka sani. Garin katako ne ake kwaɓawa da gam a matse shi, a liƙa masa wata 'yar fata mai zanen icce a sama. Irinsa ne kake gani yana sheƙi a shagunan kayan ɗakin amare.

Ni ban ma sayi sabuwa ba. A Facebook Marketplace, wanda shi ne dillaliyarsu a nan, na samu wata kanta marar suna a hannun wani ɗalibi mai tashi, fam 10. Na jingina ta da bangon da ke kallon waje, na jera mata mujalladai har sama. Kafin hunturu ya fita hawa biyu sun lanƙwashe kamar baka. Ranar da na janye ta don in duba, sai na tarar bayanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, ƙasanta ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, in ka murza da yatsa sai ya ruguje. Mujalladi uku na fiƙihu, waɗanda Baba ya saya mini a Kasuwar Kurmi shekarar da na sauke, bangonsu ya yi tabo-tabo, takardun sun manne suna warin laima. Na zauna a ƙasa ina ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, hawaye na zubo mini. Araha ba ta ado, Yaya. Irin wannan katako in ya sha ruwa sau ɗaya ya gama, noti ma ba ya sake kamawa a jikinsa.

Bayan haka ne wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta nuna mini shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. Akwai na British Heart Foundation, masu tara kuɗi don binciken ciwon zuciya. Wanda zai rabu da gado ko sif sai ya kira su, su zo su ɗauka kyauta, su sayar da sauƙi. Mutane na son haka, domin jefar da kujera a bakin titi laifi ne da ake cin tara a kai. Kujerun kushin kuwa ba sa karɓa sai da wata 'yar takarda a jiki mai nuna sun cika ƙa'idar kariya daga gobara.

A can na ga wata tsohuwar kabad mai murfin gilashi, an tura ta lungu. Da wani icen ƙasarsu da suke kira ok aka yi ta, mai nauyi kamar madaci, mutum biyu da ƙyar suka ɗaga. Ƙarfen da ke riƙe da murfi ɗaya ya karye, samanta duk shaidar kofin shayi. Fam 35 aka rubuta. Matasansu ba sa son irin waɗannan, wai sun yi duhu, sun cika ɗaki. Na duba jikinta da kyau ko akwai ƙananan hudojin ƙwaro, ban ga ko ɗaya ba, na biya.

Asabar uku na yi a kanta. Na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, na bar ta ta bushe, sannan na bi ta da samfefa mai kaushi lamba 120, na gama da mai laushi 240, ina bin layin iccen ba na gicciye shi ba. Tsohuwar ce ta ara mini injin gogewa, ta kuma ja kunnena cewa duk kayan da na ga tsohon fenti mai kauri a jikinsa kada in goge shi a bushe cikin gida, don fentin da akwai dalma a ciki. Ban ɗauki maganar da wasa ba, mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Da na shafa mata mai da tsumma, sai launin ya fito jawur kamar zuma, layukan iccen suka bayyana ɗaya-ɗaya. Duka da sabon ƙarfen murfi da kuɗin kawowa ban kashe fam 70 ba. Na nemi izinin mai gida a rubuce kafin in ɗaure ta a bango saboda yara, domin a nan huda bango ba izini yana iya cinye kuɗin ajiyar da ka bayar, wanda yakan kai hayar mako biyar. Wannan karon a bangon ciki na sa ta, na bar tazarar tafin hannu a baya don iska. Alƙur'ani yana hawa na sama shi kaɗai. Littattafan yara kuwa akwatunan katako biyu na fente musu na kifa a gefe ƙarƙashin bene.

To ka ga abin da na sha wuya kafin in samu, shi ne yake zaune a ɗakin Baba fiye da shekara arba'in. Kantar nan madaci ce zalla, ƙafa kawai gara ta taɓa. Ka kira kafintan unguwa ya yanke inda ya ruɓe ya sa sabo, a yi mata maganin gara, a ɗora ta kan ƙafar ƙarfe don ta rabu da ƙasa, a janye ta daga bango. In da hali a sa mata gilashi saboda ƙurar hunturu. Littattafan da ke cikin adaka kuma a fito da su a kaɗe, a sha musu iska a inuwa kafin damina, a sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani kamar yadda Hajiya take yi. Abin da kafintan ya faɗa kada ka matse shi da ciniki, zan turo kuɗin a ƙarshen wata in Allah ya yarda.

In an gama ka ɗauko mini hotonta. A gaida Hajiya, a ce mata ina neman addu'a.

Ƙaninka.