Mail-Tester: shafin da ya nuna mini inda imel ɗina ke maƙalewa

Aikina ya dogara ne da aika wa abokan hulɗa takardun biyan kuɗi da sanarwa ta imel. Ba abin da ke ƙona mini rai kamar mutum ya bugo waya yana cewa shiru, bai ga saƙo ba, alhali na aika. Wani sa'in saƙon na kwance a akwatin Spam, wani sa'in kuma ya dawo mini da lambar 550, wato an ƙi karɓarsa ke nan tun daga ƙofa.

Amfani da Mail-Tester ba wuya. Kana buɗe shafin zai ba ka wani adireshi na wucin gadi, ka aika saƙonka can yadda ka saba aikawa, ka dawo ka danna, sai ya ba ka maki bisa 10. Makin bai dame ni ba sosai. Bayanin da ke ƙarƙashinsa shi ne ya biya ni.

Cikin abubuwan da yake dubawa akwai guda uku masu muhimmanci. SPF ke faɗin waɗanne injuna aka yarje wa su aika saƙo da sunan adireshinka. DKIM tamkar hatimi ne a jikin saƙon, mai tabbatar da ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi idan waɗancan ba su dace ba. Nawa DKIM bai ma fara aiki ba. Sannan ya nuna cewa lambar IP ɗin da nake aikawa da ita, wato lambar da ake gane injin aika saƙon da ita a intanet, tana cikin jerin waɗanda aka toshe. Ashe kamfanin da ke riƙe mini imel ya haɗa ni a lamba ɗaya da wasu, ɗayansu na watsa saƙonnin banza, laifinsa ya shafe mu duka. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutanen da nake rubuta wa su suka ba ni adireshinsu da hannunsu.

Gyaran ya zama dole yanzu. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail sai da DMARC da hanyar fita daga jerin aike da danna ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Sai dai a sani, samun 10 ba tabbacin shiga akwati ba ne. Shafin lafiyar saƙo yake aunawa, ba ya ganin irin shaidar da Gmail ko Outlook suka yi maka a cikin gida. Don wannan sai a haɗa da Postmaster Tools na Google, shafin da ke nuna yadda Gmail ke kallon saƙonninka. Gwajin kyauta ma ƙididdigagge ne a kowace rana, saboda haka ka tara gyare-gyarenka kafin ka sake gwadawa.

Na kunna DKIM, na nemi a sauya mini lambar IP, saƙonnina suka koma isa ga masu su.