Kyamarar fim ko ta dijital: ina kamfanonin suka dosa?

Ɗan'uwanmu na wajen Ringim ya yi tambaya: yana da Yashica ta fim da ya gada wurin mahaifinsa, yana ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyuka. Ya riƙe ta ne, ko ya tara kuɗi ya sayi ta dijital? Malam, kafin ka duba aljihunka, duba inda masu ƙera kyamarar suka sa gaba, don fim da kayan gyara daga hannunsu suke fitowa.

A ɓangaren fim, kusan kowa ya naɗe tabarmarsa. Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, ta miƙa wa Sony. A shekarar ce Nikon ta sanar da daina ƙera yawancin na fim, ta bar F6 da FM10, ita F6 ɗin ma aka tsayar da ita a 2020. Canon ta daina sayar da tata kyamarar fim, EOS-1V, a 2018. Yashicarka kuwa, Kyocera mai ita ta rufe sashen tun 2005, ka ga in wani abu ya karye a ciki sai dai a ciro daga wata da ta mutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Kodak. Injiniyanta, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ribar kamfanin tana cikin fim da takarda da sinadarin wanki, sai aka yi ta jan ƙafa har bashi ya kai ta kotu a 2012. Fujifilm ta farga da wuri, ta karkata ilimin sinadaranta zuwa kayan asibiti da magunguna, har da man shafawa, ta tsira. Ana yin fim har yau, Pentax ma ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024, sai dai ta masu sha'awa ce, ba ta mai neman kuɗin cefane ba.

To, a wurin aiki fa? Fim ɗaya hoto 36 ne, ba ka ganin komai sai ka biya mota ka kai wanki birni, a can ne za ka tarar ango ya rufe ido, biki kuma ya watse. Da ta dijital, nan take gwaggon amarya za ta leƙo bayan kyamara ta ce a sake, mayafinta ya karkace. Inda fim ya yi zarra shi ne tsofaffin kyamarorin nan da yawansu ba ruwansu da caji, kuma nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, yana shekaru a akwati. Memori kuwa rana ɗaya yakan lalace da aikin mutane a ciki, batir kuma sai ka bi layi a wurin mai cajin waya.

Ita dijital ɗin ma ta rabu biyu: akwai mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR, akwai kuma maras madubi. Tun 2018 Canon da Nikon suka mayar da ƙarfinsu kan marasa madubi a ciki, hanyar da Sony ta riga su bi, kuma rabonsu da sabuwar DSLR tun 2020. Wayar hannu ce ta matsa musu: a 2010 an fitar da kyamarori sama da miliyan 120, a 2023 ba su kai miliyan 10 ba, shi ya sa suka koma yin masu tsada.

Wannan kuwa gaba ta kai ka, don masu hali suna sayar da DSLR ɗinsu. Ni dai shawarata, nemi Canon ko Nikon ta hannu a Kano, ka sa a duba maka yawan hotunan da ta ɗauka, ka haɗa da batir biyu da filasha, tunda hoton dare ne wayar mutanen ƙauye ba ta iyawa. In kuɗi ya ragu, ƙaramar firinta ta hoton fasfo za ta riƙe ka ranar kasuwa lokacin da ba biki.