GARGAƊI: Mai sayar da tsofaffin makirufo ya cinye min naira 232,000, kebul ɗinsa kuma ya lalata min rediyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar rediyon oba-oba, musamman masu son tsofaffin kaya irina.

Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakinsa. Amma jiya da daddare na ga mutumin ya sake fitowa da wani suna yana tallan wani makirufon, Shure 444, na ce wallahi shirun ya isa haka.

Naira 232,000. Makirufo 185,000, kebul 35,000, kuɗin mota 12,000. Ban sa 40,000 da na ba mai gyara a lissafi ba. Kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa ne.

Abin da na nema Astatic D-104 ne, mai kai zagaye kamar alawar sanda, wanda ake matse sandar jikin wuyansa a yi magana. Tun 1933 kamfanin ya fara yin sa a Amurka, kuma duk wanda ya taɓa jin muryar da ke fita daga mai kyau ya san dalilin da ya sa har yau ake nemansa. Na daɗe ina son in haɗa shi da rediyona, Icom IC-7300. To sai ga wannan mutum a Facebook da hotuna, ya ce na mahaifinsa ne marigayi, yana kan gindin T-UG8 mai ƙara ƙarfin murya, kuma kiristal ɗin ciki, wato abin da ke ɗaukar murya, na asali ne, ba a taɓa buɗe shi ba.

Kafin wani ya ce min "ai kai ma ka yi sakaci", ku tsaya ku ji. Shekara goma sha ɗaya ina wannan harka. Ina da lasisi, da hannuna na ɗaura eriyata, na san dalma na san mitar gwajin wuta. Ba hoto na gani na tura kuɗi ba. Na yi masa tambayoyi, ya amsa su daidai. Na ce wane batir gindin ke ci, ya ce mai volt 9. Na ce ya kira ni ta bidiyo, ya kira. Ya matse sandar, ya yi sallama, na ga allurar rediyonsa ta motsa, na ji murya tas. Me kuma zan yi bayan wannan?

Amma ba bidiyon ne ya kama ni ba. Wata magana ce. Muna gab da yin sallama ya ce, "Alhaji, don Allah idan ya iso kada ka bar shi cikin mota a rana. Kiristal ɗin gishirin Rochelle ne, zafi da laima ke kashe shi." Kuma gaskiya ya faɗa. Shi ya sa yawancin waɗannan tsofaffin makirufo da ka samu kiristal ɗinsu ya mutu tuntuni, balle a ƙasar da rana ke dukan kwano kamar tamu. Na ce a raina, ɓarawo ba zai damu da abin da zai samu kaya bayan ya karɓi kuɗinsa ba. Wannan mai kishin kayan ubansa ne. "Kada ka bar shi cikin mota a rana." Tun ranar nake jin wannan magana a kunnena, ko a sallah sai ta faɗo min. Da ita ya saye ni.

Da farko 210,000 ya ce, muka yi ciniki har 185,000. Har godiya na yi masa. A'a, kafin cinikin ma, shi ne ya fara tayar da zancen kebul. Ya tambayi rediyon da nake da shi, na faɗa, ya ce to ba za a cusa shi haka kawai ba. Nan ma bai yi ƙarya ba. D-104 an yi shi ne don rediyoyin da masu kwalba a ciki, turjiyarsa ga wuta tana da yawa ƙwarai, su kuwa na zamani turjiya kaɗan, wajen om 600, suke nema. Idan ka haɗa kiristal kai tsaye murya takan fito siririya kamar ana magana cikin gwangwani, shi ya sa ake son gindin nan mai batir. Sannan Icom yana sako wuta ta fil na ɗaya na ramin da ake cusa makirufo don ciyar da nasa makirufon, dole a sa wata 'yar na'ura, kafasita, a tare ta. Duk ya jero min wannan da bakinsa. Ya ce yana da filogi mai fil takwas, zai haɗa min, zai gwada a irin rediyona wajen abokinsa, 35,000. Ni da zan iya haɗawa da kaina. Filogin ne ba ni da shi a hannu, kuma ina ɗoki, na ce to.

Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na mace ne. Na tambaya, ya ce matarsa ce, nasa asusun yana da matsala. Na tura 185,000. Washegari na tura 35,000. Ko ranar ne da yamma? Zan duba alat ɗin, duk suna nan. Na 12,000 dai ranar Alhamis ne, da ya ce yana tasha direba na jira.

Kuma kaya sun zo. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai, da bai turo komai ba da tun a nan na gane, rediyona kuma da yana nan lafiya. Na je tashar Mando na karɓo kwalin taliya an naɗe da salatif. A kujerar gaba na ajiye shi, na rufe shi da darduma don kada rana ta taɓa shi, saboda maganarsa. Da na iso gida ban buɗe gindin ba, ban ɗora mita a kan kebul ba. Na yarda, nan kam laifina ne, amma mutum ne ya rantse min da Allah ya gwada. Na cusa, na kunna, na matse sanda. Shiru. Allura ba ta ko motsa ba. Na cire na mayar da makirufon hannu da ya zo da rediyon, shi ma shiru.

Sai a lokacin na ɗauko sukurudireba. Gindin fayau, babu allon ƙara murya, wayoyin batir a yanke suna lilo. Na kwance kan, inda kiristal ya kamata ya zauna sai ga wani ɗan mitsitsin makirufo irin na abin kunnen waya, an manna shi da gam an cusa soso kewaye da shi. Kwanon waje ne kawai na gaske.

Mai gyaran rediyon unguwarmu, dattijo ne, ya ɗora mita a kan filogin bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya ce, "Alhaji, wa ya haɗa maka wannan? Ai ya haɗe fil na biyu da ƙasa." Ƙasa yana nufin wayar "ground". Ya nuna min dunƙulen dalma ya kwanta a tsakani. Fil na biyu shi ke ɗauke da volt 8, kuma littafin rediyon da kansa ya yi kashedi kada a haɗe shi da ƙasa domin yana iya ƙona abin da ke daidaita wutar a ciki. Shi ɗin ne ya ƙone. Na biya 35,000 aka haɗa min abin da ya kashe min rediyo, na sake biyan 40,000 aka tashe shi.

Na kira mutumin a daren, ya ɗauka, ya ce "Subhanallahi, babban yaya, direba ne ya musanya, ba ni zuwa gobe." Gobe ta yi, waya a kashe. Jibi ya toshe ni ko'ina. Na manta ban faɗa ba, tun kafin kayan su iso ya goge tallan, na tambaya ya ce ai an riga an sayar, me zai bar shi yana yi. Na ga hakan daidai ne a lokacin.

Na koma kan hotunan da ya fara turo min na ƙura musu ido. Na cikin hoton yana da 'yar lotsawa a gefen gindi ta hagu, wanda ke gabana ba shi da ita. Ashe mai kyau ɗaya gare shi, shi yake nuna wa kowa. Wani ɗan'uwa daga Jos da na ba labari ya ce shi ma an kira shi ta bidiyo da makirufo mai wannan lotsawar, an kuma ce masa kada ya bar shi a rana. Kalma ɗaya ba a canja ba. Shi Allah ya tsare shi, kuɗinsa ba su cika ba a lokacin.

Kada ku biya kafin kaya su zo hannu. Ku sa a buɗe kai da gindi a gabanku. Duk kebul ɗin da ba ku kuka haɗa ba, mita tukuna kafin rediyo.

Hotunan hirarmu, da rasit uku, da hoton cikin kan makirufon da gam ɗin, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin asusu, domin ban sani ba ko matar da sunanta ya fito tana da hannu ko ita ma amfani aka yi da ita. Na kai ƙorafi banki, ina jira. Ban yafe ba, 232,000 ɗin nan sai mun tsaya a kansu gaban Allah. A ƙarƙashin sabon tallan nasa na Shure 444 na ga mutum biyu sun riga sun tambayi farashi, na tura wa kowannensu saƙo, ɗaya bai buɗe ba har yanzu.