Hannun jari: kamfanonin biyan kuɗi ta waya ko bankuna?

Alhaji, ka tambaya: tunda 'yan kasuwa daga Tsohuwar Kasuwa har Kara sun koma POS ɗin Moniepoint da OPay, kuma ta waya ake sayen katin wutar KAEDCO da data, ba gara mutum ya zuba jarinsa a irin waɗannan kamfanoni ya bar bankuna ba?

Da farko dai ƙofar ba a buɗe take ba. OPay, PalmPay, Moniepoint da Interswitch duk ba su cikin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX. Manyan masu jari ne ke riƙe da su: Visa ta shiga Interswitch a 2019, Moniepoint kuma ta tara dala miliyan 110 a Oktoban 2024. Kuɗin da ka bari a manhajarsu ana ɗora maka ɗan ƙari ajiya ce, ba ka mallaki komai a kamfanin ba. Duk wanda ya ce zai sayar maka da hannun jarinsu ta WhatsApp, ka tuna yadda manhajar zuba jari ta bogi mai suna CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a 2025.

Sai inda riba ke fitowa. Kamfanin biyan kuɗi yana rayuwa ne da ɗan kamasho a kan kowace hada-hada, kamar sayen katin wuta ko data, kuma sai ya raba da wakili mai POS. Tura kuɗi kyauta da garaɓasar da suke yi duk daga aljihunsu ne, don haka sai hada-hada ta yi yawa ƙwarai kafin a ga riba. Banki kuwa, 'yar nairar da yake cira idan ka tura kuɗi ba ita ce cinsa ba. Ribarsa tana cikin ba da rance, takardun lamunin gwamnati da canjin kuɗin waje. Gogayyar da kamfanonin wayar ke yi da bankuna gaskiya ce, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, amma gefen riga ta kama. Kuɗin masu asusun OPay da PalmPay a bankuna ake ajiye su, kuma ta NIBSS, cibiyar tura kuɗi tsakanin bankuna, ake tura su, wadda mallakar bankuna ce da CBN. Bankunan ma sun buɗe nasu kamfanonin biyan kuɗin: GTCO mai bankin GTBank na da HabariPay, Access na da Hydrogen.

Haɗarin kowanne daban. Takarda ɗaya daga CBN ta hana OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda ɗaukar sabbin kwastomomi daga Afrilu zuwa Yunin 2024. Bankuna kuma an tilasta musu ƙara jari a Maris 2024, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, suka fitar da sabbin hannayen jari, wanda bai ƙara saya ba kasonsa ya ragu. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC masu ajiya ta fara biya, har naira miliyan 5. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi.

A ganinmu, ga mai ƙaramin jari bankunan da ke NGX sun fi, don kana ganin rahoton kuɗinsu kuma kana iya sayarwa. Idan harkar biyan kuɗin ce ke ranka, a NGX akwai kamfanin biyan kuɗi na eTranzact, sai MTN Nigeria mai MoMo da Airtel Africa mai SmartCash, kodayake waɗannan biyun kira da data ne babbar sana'arsu.

Batun kuɗin ruwa, wanda mun san ba za ka tsallake shi ba: ribar bankunan gargajiya daga nan take, kuma wasu kamfanonin wayar ma suna ba da rance da ruwa. Jaiz, bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, yana NGX tun 2017, akwai kuma asusun zuba jari na Lotus Halal da ake saye a kasuwar.

Wajen saye, nemi dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ka kai BVN da NIN a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarinka, ka cike takardar da za a riƙa turo rabon riba kai tsaye asusunka. Ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga rabon ribar kafin ya iso.