Gurnani a giyar Mazda MX-5: rilis boris ne ko boris ɗin cikin giyabos?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya kan Mazda MX-5 ɗinsa ƙirar 1992, mai giya biyar ta hannu. Ya ce idan mota tana silo a firi yana jin gurnani daga ƙarƙashin sandar giya, da ya taka kuloci sai ƙarar ta ɗauke. Bakanike ɗaya ya ce rilis boris ne, wani ya ce boris ɗin cikin giyabos ne. To Malam, ana iya raba gardamar nan kafin a kwance ko noti ɗaya.

Boris ɗin biyu maƙwabtan juna ne, shi ya sa kunne ke rikita su. Lokacin aikinsu ne ya bambanta. Rilis boris yana ɗaukar nauyi sa'ad da ka taka kuloci, don shi ke danna yatsun farantin matsi, wato farantin da ke matse faifan kuloci. Boris ɗin shaf ɗin da ke shiga giyabos kuwa, aikinsa na lokacin da ka saki kuloci ne, domin injin na juya wannan shaf ko da mota tana firi. Da ka taka har ƙasa, shaf ya rabu da injin ya tsaya.

Ka bar mota ta ɗumama, ka ja birkin hannu, ka kashe fanka da rediyo, sannan ka taka kuloci a hankali kana saurare. Idan rilis boris ne ya ci, ƙarar za ta fito ko ta ƙaru daidai lokacin da feda ta fara nauyi, wani siririn kuka ko shuuu, wani lokaci har ka ji kakkarwa a tafin ƙafa. Idan na giyabos ne, akasin haka za ka gani: gurnanin na nan tun ƙafarka ba ta taɓa feda ba, rabin taku ba ya kashe shi, sai ka kai ƙasa, kuma ko a nan ba ya yankewa lokaci guda. Yana raguwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kamar fankar da aka kashe, domin shaf ɗin ne ke rage gudu.

Ga inda kanikawa da yawa ke tuntuɓe. A wannan mota rilis boris yana ɗan taɓa yatsun faranti ko ba a taka kuloci ba. Idan giris ya bushe a bututun da yake zamewa a kai, ko a maƙalar cokalin da ke tura shi, sai ya riƙa tsuwa kamar gyare a silo, da ka ɗan ɗora ƙafa, ko santimita biyu, sai ya yi shiru. Wannan ma "ƙarar da ke ɗaukewa idan an taka kuloci" ce, amma giyabos ba shi da laifi. Saboda haka abin lura shi ne inda feda ta kai kafin a yi shirun: a sama-sama, ko sai a ƙasa.

Sai ka fita titi. Giya ta huɗu a wannan giyabos kai tsaye take, juyi ɗaya na injin juyi ɗaya na farfela (sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya), ƙarfi ba ya bi ta shaf ɗin ƙasa, wanda sauran giyoyin ke bi ta kansa. Gurnanin da ke nan a ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar, amma ya lafa a ta huɗu, yana nuna boris ɗin shaf ɗin shiga ko na shaf ɗin ƙasa. Rilis boris bai damu da giyar da kake ciki ba. Kukan da ke bin gudun mota ba gudun injin ba, yana canza murya idan ka saki totur, wannan na difarenshal ne, wato akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya. Kada inda kake jinsa ya ruɗe ka, domin MX-5 tana da dogon ƙarfen alminiyum da ya haɗa giyabos da difarenshal, yana kawo ƙarar baya har gaba.

Kafin a sauke komai, a duba mai. Ka fara kwance murfin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. Murfin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin toka mai kama da kwalli ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da kake ji tsakanin yatsu boris ne ko haƙori ke gutsurewa. Ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin man kuwa zoben sinkiro ne na tagulla, mai daidaita gudu wajen sa giya, ke cinyewa. Giyabos ɗin yana shan kusan lita 2 na man giya 75W-90, kuma mai lambar GL-4 ya fi dacewa da zoben tagulla. Sau da yawa ƙarancin mai ne ya fara kashe boris ɗin, don haka a nemo sil ɗin da ke yoyo.

A ɓangaren aiki, duka biyun sai an sauke giyabos. Rilis boris ba a buɗe giyabos saboda shi, kuma tunda an riga an sauke, a canza shi tare da faifan kuloci, farantin matsi da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan injin. Shi wannan ƙaramin ya fi kuka idan mota na tsaye, tana cikin giya, kuloci a ƙasa. Na cikin giyabos kuwa sai an buɗe shi an zare shaf da na'urar matsi, kuma idan ɓarɓashi ya zaga cikin mai, sauran boris ɗin ma sun sha. A irin wannan hali sayen giyabos mai lafiya da aka ciro daga wata mota yakan fi gyara sauƙi.

Yadda ka kwatanta ƙarar, gurnani ba tsuwa ba, hasashenmu ya fi karkata ga boris ɗin shaf ɗin shiga. Idan gwajin feda ya nuna sai a ƙasa take mutuwa, maganaɗisu kuma ya fito ba ɓarɓashi, ka zuba sabon mai ka ci gaba da hawa kana saurare. Ranar da gurnanin ya fara biyo ka cikin giya, ko giya ta fara fita da kanta, a sauke giyabos.