Adaftar haɗa waya da allon mota ba tare da kebul ba: wacce za ka saya?

Kafin ka sa hannu a aljihu, ɗauki kebul ka jona wayarka a motar. In Android Auto (na wayar Android) ko CarPlay (na iPhone), wato tsarin da ke nuna manhajojin waya a allon mota, ya fito a allo, adafta za ta yi maka aiki. In bai fito ba, ajiye kuɗinka, domin aikin wannan 'yar na'ura shi ne maye gurbin kebul kawai. Ba ta ƙara wa mota abin da ba a ƙera ta da shi ba.

Ga yadda take aiki: kana tayar da mota sai adaftar ta nemo wayarka ta Bluetooth, su gaisa, sannan su koma kan Wi-Fi, galibi mai 5GHz, inda taswira da sauti ke bi. Shi ya sa wayar Android ke buƙatar Android 11 ko sama da haka, in ban da wasu wayoyin Pixel da Samsung da ke yi da na ƙasa da shi. IPhone kuwa tun iOS 9 na shekarar 2015 take da wannan damar. Duk wadda ka saya, ka shirya wa abu uku: wayar za ta yi ɗumi, batir zai riƙa sauka tunda ba caji take yi ba, kuma in ka danna waƙa ta gaba za a ɗan sami jinkiri kafin ka ji ta.

Ni dai zaɓina AAWireless ne, ba na ɓoyewa. Ta fito ne a 2020 ta hanyar karo-karo a Indiegogo, lokacin da masu Android ba su da wani zaɓi na kirki. Abin da ya raba ta da sauran shi ne manhajarta ta waya. Ta nan kake sabunta na'urar, ta nan kake daidaita girman rubutu da gumakan allo, akwai kuma saituna na musamman don motocin da allonsu ke da taurin kai. Motoci ba halinsu ɗaya ba, kuma duk sanda aka sabunta Android Auto wani abu kan iya lalacewa. Na'urar da masu ita ke bibiya suna gyarawa ita ce za ta kai ka shekaru. Kebul ɗinta ma ana cire shi, in ya lalace sai ka sauya. Samfurin TWO yana da maɓalli a jikinsa na sauyawa daga waya zuwa waya, abin da duk mai raba mota da iyali zai yaba. Sai dai ka lura, TWO na masu Android ne kaɗai, TWO+ ne ke ɗaukar CarPlay.

Motorola MA1 ta 2022 ba laifi, jona ka tafi, amma kebul ɗinta a manne yake kuma ba ruwanta da iPhone. Carlinkit da Ottocast sun fi shahara a wajen masu CarPlay, sai dai samfuransu sun yi yawa har sai ka karanta lambar da kyau: Carlinkit 3.0, alal misali, CarPlay kawai take yi. Akwatunan nan masu cikakken Android a ciki, da ake tallatawa don kallon YouTube a allon mota, ba na ma sa su a lissafi. Direba da kallon bidiyo?

Tambayar da na fi so ka yi ita ce wadda ban yi ba da farko: me na'urar ke yi bayan an kashe mota? Wasu motocin ba sa yanke wutar USB nan take. Wata adafta marar suna da na fara saya haka ta riƙa riƙe wayata ina cikin ɗaki, ta raba ni da Wi-Fi na gida, kira ya shigo sauti ya tafi motar da ke rufe a waje. Kwana uku ina zargin wayar. Babu manhaja, babu saiti, maganin kawai in riƙa zare ta duk sanda na sauka, wato wahalar da na guje wa ta dawo ta wata ƙofar. Gwada motarka yau: kashe ta, ka kulle, ka leƙa ko abin da ke jone a USB yana nan a kunne.

Sai batun jabu, wanda ya fi duk abin da na faɗa a sama. Kasuwar intanet cike take da na'ura iri ɗaya da aka liƙa wa sunaye daban-daban, yau mai sayarwa yana nan, gobe ya ɓace ya dawo da sabon suna. Wasu ma har tambarin sanannun kamfanoni suke kwaikwaya, sai ka je sabuntawa ka ga ta ƙi. Akwai masu sayar da 'yar na'urar Bluetooth ta sauti kawai, ko mai aika waƙa ta rediyon FM, su sa hoton allon CarPlay a talla. Duk wanda ya rubuta cewa tasa tana aiki da kowace mota, ƙarya yake yi. Motar da CarPlay ɗinta ba ya bin kebul tun asali, kamar BMW da yawa, adafta ba ta da abin yi a cikinta, haka ma mai MirrorLink kaɗai, wani tsohon tsarin haɗa waya da allon mota.

Kada taurari biyar su ruɗe ka. Je ka karanta ra'ayin masu taurari biyu da uku, ka nemi wanda ya ambaci irin motarka da shekararta. In ka ga ana yabon wani kaya daban a ƙarƙashin tallar, an sauya kayan ne aka bar tsohon yabo. Sayi daga shafin kamfanin ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka tabbatar ana karɓar kaya in an mayar. Ranar da ta iso kuma kada ka tsaya ga waƙa da taswira: kira wani, ka tambaye shi ko yana jin muryarsa na dawo masa, domin a kiran waya ne jabu ta fi saurin tona kanta.